Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Mai Ita

Na daɗe ina gyaran wayarin mota a Birnin Kebbi, kuma motocin da suka bi ta hannuna ko rabinsu ba zan iya tunawa ba. Amma akwai wata tsohuwar mota ruwan toka, ta wani dattijo manomin shinkafa a Argungu, wadda in dai ina numfashi ba za ta fita daga raina ba.

Babban ɗansa ne ya kawo mini ita, wani ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Gwadangaji. Ya ce tana cikin tafiya sai ta mutu haka kawai, in an murɗa makulli kuma ta tashi kamar ba ita ba. Bakanike ya riga ya sauya fulogi, ya wanke tanki, ya duba famfon mai, daga ƙarshe ya ce ba aikinsa ba ne, a kai wa masu waya. Duk mai sana'armu ya san babu ciwon kai irin wannan. Motar da ta mutu ta ƙi tashi ta riga ta nuna maka inda ke mata ciwo. Wadda ke mutuwa tana farfaɗowa kuwa, a gabanka lafiyarta ƙalau, sai ka ba da baya take nuna halinta.

Na bi ta daki-daki. Na kankare kan batir, na ɗaure wayar da ke kama jikin mota, na duba fis ɗaya bayan ɗaya, na gwada kwayil. Na girgiza kowace waya injin yana aiki, ko tari bai yi ba. Na ɗauke ta na nufi Zauro, na bi da ita ta gargada da gangan, na dawo. Na ce a zo a ɗauka. Ba a jima ba aka dawo da ita, na sake bin ta, na sake sallamarta.

Zuwa na gaba, ɗan ya zo ba mota. Ya ja ni gefe ya ce shi ya tuƙa ta, ƙanensa ya tuƙa ta, ni ma na tuƙa ta, ba wanda ta taɓa mutu wa. Sai mahaifinsu kaɗai. Na baya-bayan nan a tsakiyar titi ta tsaya masa kusa da kasuwa, saura kaɗan wata babbar motar albasa ta bi ta kansa. Don haka 'ya'yan sun zauna sun yanke shawarar karɓe motar.

"Malam, in mu munka hwaɗa mai ba ya ji," in ji shi. "Kai ka san mota. Ka tahi ka ce mai lahiyatta lau. Tsuhwa na, ƙahwa ba ta riƙon kuloci."

Ban ga laifinsu ba, tsoro ne ya kama su. Amma na san abin da hakan ke nufi ga manomi irinsa. Ranar da ya koma jiran a kai shi gonarsa a dawo da shi, ranar ya tashi daga maigida ya zama tsohon da ake lallaɓawa. Na ce ba zan ba da shaidar abin da ban gani ba, a bari in zauna kusa da shi yana tuƙi. Ba tausayi ne ya sa ni ba a lokacin. Ni dai ba na son aiki ya gagare ni.

Da hantsi na sauka Argungu. Na tarar da dattijon a ƙofar gida, dogo, siriri, yana goge gilashin motar da kansa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai na alƙalin da sunka aiko?"

"A'a Baba, mai waya ne."

"Duk ɗaya na. Shiga mu tahi."

Idona na kan ƙafarsa tun da muka tashi. Yadda yake sakin kuloci, wallahi matasa da yawa ba su iya ba. A kan kwalta ba abin da ya faru. Muka sauka hanyar fadama, wadda amalanke da tarakta suka farfashe. Ramin farko mai zurfi, motar ta yi tsalle, injin ya ɗauke ɗif. Dattijon bai dube ni ba. Ya bar hannuwansa a kan sitiyari, yana kallon gabansa.

"Ka dai gani," ya ce a hankali. "Koma ka hwaɗa musu."

A nan kam ya ba ni tausayi ƙwarai. Sai dai na lura da wani abu. In ƙafar direba ce ta kashe mota, jajayen fitilun gaban sitiyari kamawa suke yi. Wannan kuwa komai ya mutu tare, har rediyon da ke magana ya yi shiru. Wutar ce aka yanke daga tushe. Na ce ya sake tayarwa, na bi hannunsa da ido, sai na ga abin da ke lilo a gefen gwiwarsa.

Tarin makullai ne, ya kai dunƙulen hannu, an ɗaure su da igiyar fata tare da na motar. Na siton shinkafa, na ɗakin albasa, na rumfar injin ban ruwa, na ƙofar gida, har da waɗansu manya na tsofaffin kwaduna. A irin gidajen nan makulli ba ya barin jikin maigida. Shekara da shekaru nauyinsu na jan makunnin motar har cikinsa ya cinye. Da an faɗa rami sai su yi lilo, makullin ya ɗan koma baya, wuta ta yanke. Mu kuwa duk da makullin ajiya muke tuƙa ta, shi kaɗai, ba nauyin komai. Ta yaya za ta mutu mana?

Na tallabe makullan a tafin hannuna na ce ya ja. Haka muka bi gargadar nan har bakin gona, ina sunkuye kamar mai riƙon ƙwai, motar ko gezau. Da muka juyo na sake su. Rami na gaba ta mutu. Dattijon ya dubi makullan, ya yi dariya har da share ido, sannan ya tayar da motar muka nufi gida.

Muka tarar 'ya'yan sun iso, suna zaure suna jira. Na yi musu bayani, na ce a sauya makunni, kuma makullin mota ya riƙa zama shi kaɗai. Babban ya sunkuyar da kai. Na ɗauka faɗa dattijon zai yi, ai ya samu dama. Sai na ga ya zauna yana kwance igiyar fatar a tsanake. Ya zare makullin motar ya jefa a aljihu, ya miƙa wa babban ɗan nasa sauran gaba ɗaya.

"Tun randa ubana ya rasu ba su kwana hannun kowa ba," ya ce. "Kun ce a raba ni da abu guda don na tsuhwa. To, na zaɓa. Ku riƙe sito, ku bar min hanya."

Ɗan ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.

Tun daga ranar, motar da ciwonta ke zuwa yana tafiya ba na karɓarta sai da mai ita da makullinsa. Na kuma gane cewa duk lokacin da na ce mota lafiyarta lau, wani mutum nake cewa ba shi da lafiya. Shi ya sa ba na furta wannan kalmar sai na zauna kusa da shi na ga abin da yake gani.