Bube Mai Cizon Mota

Bube ɗan maƙeran Sanyinna ne. Ya yi shekara uku yana gyaran motoci a Sakkwato, sannan ya dawo Tambuwal shekarar da aka samu mulkin kai, ya kafa rumfa a bakin hanya. Dukan ƙarfe ya kashe masa kunne ɗaya tun yana ƙira, ɗayan ma sai an ɗaga murya. Saboda haka ba ya sauraren mota. In an kawo masa marar lafiya, sai ya shiga gaba, ya kama ƙarfen ƙofa da haƙora, ya yi wa direba alama ya ja. Ta muƙamuƙi yake jin ciwonta.

Wata rana wani direba, Ɗangiwa, ya kawo tsohuwar akori-kurarsa mai jigila tsakanin Kebbe da Tambuwal. Motar karkarwa take kamar mai masassara. Fasinja in ya sauka sai ya yini hannunsa na rawa. Bube ya ciji ƙarfe har suka fita gari suka dawo, ya saki, ya tofar da tsatsa.

"Ganye biyu na sifirin baya sun karye," in ji shi. "Bushin gaba ya cinye. Tayar hagu kuma ta yi ƙari."

Aka ɗaga motar, aka girgiza tayoyin, aka tarar haka ne. Bube ya ƙera ganyen da kansa, ya yanko bushi daga tsohuwar taya. A kwana huɗu mota ta koma tafiya sumul.

Ranar kasuwa sai ga mata bakwai da gorunan nono a bakin rumfarsa. Babbarsu, Bara'atu, ta dire nata a gabansa.

"Kai ne ka lalata muna mota?"

"Gyara ta na yi, Inna."

"Mi ka gyara? Shekara biyu ba mu kaɗa nono da hannu ba. Mu zuba kindirmo, mu rataya gora baya, kafin mu iso man shanu ya taso. Yau yadda munka zuba shi haka munka sauke shi!"

Suka zauna, suka ce ba su tashi sai ya mayar da karkarwar. Ɗangiwa ma ya fara lallashinsa, don matan su ne rabin fasinjansa. Bube ya ce shi bai taɓa karya abin da ya gyara ba, kuma ba da tsufansa zai fara ba.

Da la'asar ya ɗauko karyayyen sifirin nan, ya ɗaure gindinsa a bayan motar, ya bar kan yana lilo, ya yi masa ƙugiyoyi bakwai na rataye goruna. Ya hau baya, ya cije shi har Kebbe, mata na gefensa suna ce masa ya ƙara karkarwar. Sau uku yana rage tsawon ƙarfen kafin man ya taso.

Bara'atu ta ɗanɗana, ta ce ya yi, amma bai kai na da ba. Ba ta taɓa canza magana ba.

Bube ya ci gaba da aiki har sojoji suka karɓi mulki, sannan ya koma Sanyinna yana noman gero. Akori-kurar ta mutu shekara guda bayan tafiyarsa. Matan suka kwance ƙarfen, suka yi ta yawo da shi tasha-tasha suna neman direban da zai yarda a ɗaura shi a motarsa.