Shiton Gwaggo Hajara

"A ƙaro mana shiton nan!" Abin da baƙi ke ta faɗa ke nan jiya a unguwar Mount Hope, wajen sunan jikan Gwaggo Hajara, suna ta santin soyayyen barkonon nan da ake ce wa shito. Ita kuwa sai hura hanci take yi, wai hannun Kumasi daban ne.

Gwaggon nan fa ita ke yi min gori kullum don ina odar taliya daga wani gidan abincin 'yan Asiya. Wai macen kirki ba ta ciyar da miji daga leda.

Na shiga kicin ɗauko cokula, sai ga kwalaben man barkonon gidan abincin nan a kwandon shara, an suɗe su tas. Irin waɗanda suke sayarwa yanzu a kantunan cefane.

Na ce, "Gwaggo, waɗannan fa?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, rufe min baki! Ai na zuba busasshen kifi."

Masu gidan abincin nan sun fara da ledar oda, sun shiga kanti, yau ga su har cikin tukunyar Gwaggo.

Jama'a, ku raba mu: ni mai ci a leda da ita mai juyewa a tukunya, wace ce macen kirkin?