Tarin da Ake Yi wa Tafi

A unguwar Chimwemwe ta garin Kitwe, garin masu haƙar tagulla, in ka tambayi gidan Lombe Kangwa sai a yi ta kallonka. Amma ka ce gidan Nkweto, nan take za a nuna maka. Alhali Nkweto na gaskiya, mawaƙin nan da ya girgiza ƙasar tagulla da kiɗan kalindula, ya daɗe da zama ƙasa, kuma bai taɓa taka unguwar ba. Lombe ya gaji sunan ne don Allah ya yi su kamar an tsaga kara: dogon wuya, faffaɗan hanci, da murya mai kauri.

Lombe ɗan rami ne, wato ma'aikacin haƙar tagulla. Ƙuruciyarsa duk a ƙarƙashin ƙasa ya ƙare ta yana fasa dutse, har ranar da aka rage ma'aikata guguwar ta haɗa da shi. Ya dawo gida ya zauna a kan turmi, ba uhm ba uhm-uhm. Matarsa Nsofwa, mai sayar da busasshen kifin kapenta a kasuwa, ita ta riƙe gidan da 'yarsu Mapalo. Ba yunwa ce ta fi damunta a lokacin ba, shirun mijinta ne.

Ana haka sai ga Kapambwe, abokinsa tun a rami, makaɗin ganga mai bakin tsiya, ya shigo da wani tsohon kaset a aljihu.

"Mutumina, Allah ya ba ka gona a fuska, kana zaune kana hamma," in ji shi. "Tashi mu tayar da Nkweto."

Suka samo masu jita, suka sa wa kansu suna 'Ya'yan Nkweto. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin marigayin da idonsa. Malaminsu kaset ɗin nan ne kaɗai, wanda wani ya naɗa a wurin wani wasa da Nkweto ya yi a ƙarshen zamaninsa. Su kuwa mutanen rami ne, an horar da su a kan cewa abin da aka nuna maka shi za ka yi, kada ka ƙara kada ka rage, in kana son ka fito da ranka. Haka suka ɗauki kaset ɗin. Duk abin da ke ciki, a wurinsu waƙa ne.

A tsakiyar wata waƙa ana jin Nkweto ya katse ya ce, "Mai farar mota ya zo ya janye ta, ta tare ƙofa." To, duk inda suka je sai Lombe ya faɗi wannan, a gurbinsa, da muryar marigayi. Kuma taro ba ya rasa mai farar mota. A wani biki a Ndola uban amarya ne ya ajiye cokali ya fita da gudu, ya dawo yana huci yana neman wanda ya yi wa motarsa sharri. A Chingola wani fasto ne ya fita ya janye tasa, da aka roƙi a maimaita waƙar, bawan Allah ya sake tashi.

Nkweto mai tulin suma ne, Lombe kuwa sanƙo ya cinye shi, don haka hular gashi yake sawa. Wata rana a filin ƙwallo iska ta ɗauke ta ta jefa wa wani kare, karen ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kapambwe bai fasa kiɗa ba, sai ihu yake, "Jama'a, Nkweto ya yi aski!" Da aka ƙwato hular, Nsofwa ce ta wanke ta ta shanya a igiya, kajin maƙwabta suka yini ba su shigo gidan ba.

Wanda ya fi duka shi ne na garin Mansa. Suna cikin wasa wata tsohuwa ta hau dandamali tana dogara sanda, ta tsaya gaban Lombe, ta wanke shi da mari.

"Maƙaryaci! Ka ce in jira ka a tasha, za ka je ka dawo. Dube ni yanzu!"

Aka yi aka yi ta gane cewa wannan ba shi ba ne, ta ƙi. Lombe ya ga kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai ya durƙusa ya roƙi gafara a madadin mamaci. Tsohuwa ta yi kuka, ta yafe, har ta ba shi kaza. Nsofwa ta dafa ta aka ci da nshima, tuwon masararsu, tana cewa bana ta ga marin da ya kawo nama gida. A shekarun nan dariya ta dawo gidansu, shi ya sa ba ta taɓa ƙin sana'ar ba.

Sai kuma tarin. Akwai waƙar matar da ke jiran mijinta a bakin rami, wadda mutane suka fi so. Bayan baiti na biyu, a kaset, kiɗa yana ɗaukewa gaba ɗaya, a ji Nkweto ya yi tari, ya ce, "Ku yi haƙuri," sannan ganga ta faɗo. Lombe ya koyi tarin nan a bayan gida, Nsofwa tana tankaɗe tana yi masa dariya. Ya iya shi har ya zama shi ake zuwa ji. Da an zo wurin sai taro ya yi tsit, yana yin tarin sai tafi da guɗa. Dokar Kapambwe ita ce sandarsa ba ta taɓa ganga sai tari ya ƙare, sai ya ji "ku yi haƙuri".

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nsofwa ta san tarin aro, gajere ne, daga maƙogwaro yake fitowa. Wani sanyi da aka yi sai ta fara jin wani daban, mai tasowa daga can ƙasan ƙirji, da safe, ko in ya sunkuya ɗaure takalmi. Ran da ta zo wanke kwat ɗin wasansa ta zaro hankici daga aljihu, ta ga jini.

"Baban Mapalo, wannan tarin ba na kaset ba ne."

"Gwaji nake yi, Maman Mapalo."

"Gwaji da sassafe a bakin rariya? Wa ke maka tafi a can, kaji? Tashi mu je asibiti."

Ya yi dariya, ta ƙi tayawa. Ta shimfiɗa masa hankicin a gwiwa.

"In na je za su ce in bar waƙa," ya ce a hankali. "In na tuɓe kwat ɗin nan, wa ya rage? Kin manta mutumin da ke zaune kan turmi yana kallon bango?"

"Ban manta ba. Ai shi na aura."

Ya ninke hankicin ya sa a aljihu. Ta je wurin Kapambwe ko zai sa baki.

"Haba Maman Mapalo, ɗan sanyi ne," in ji shi. "Kin ji yadda tarin ke fita yanzu kuwa? Mutane cewa suke ya fi na kaset."

"Allah ya shirye ka, Kapambwe. Ku tare kuka shaƙi ƙurar nan."

Ya sunkuyar da kai, amma bai yi komai ba. Ba mugunta ce ta hana shi ba, tsoro ne, don shi ma ganga ce kaɗai ta raba shi da zaman turmi.

A lokacin ne masoyan Nkweto suka shirya taron tunawa da shi, suka ce za su kawo matar marigayin, Mama Musonda, wadda ba ta taɓa ganin 'Ya'yan Nkweto ba. Lombe ya riƙe wannan ƙam. Ya yi wa Nsofwa alkawari cewa da an yi taron, washegari da ƙafarsa zai bi ta asibiti. Masu shiri kuwa suka yi ta ɗaga rana. Nsofwa ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kawo masa dattawan coci, ta ɓoye hular gashin ya je ya aro wata. Kwat ya riƙa yi masa yawa, ita ce kuma mai rage ɗinkin, tana yi tana share hawaye.

Rana ba ta ƙarya. Wata Lahadi da la'asar filin ya cika maƙil. Aka zaunar da Nsofwa a layin gaba, kusa da Mama Musonda, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin ɗankwali. Da Lombe ya fito tsohuwar ta dafe ƙirji, ta daɗe ba ta ƙifta ido ba. Da aka zo wurin farar mota, wasu mutum biyu suka zabura suka nufi ƙofa, ita kuwa ta yi dariya har da ƙwalla.

"Motar ƙanena ce fa," ta raɗa wa Nsofwa. "Ina wurin ranar. Shi ma ya rasu, motar ta zama akurkin kaji, amma ga ta har yau tana tare ƙofa."

Jita ta ɗauko waƙar mai jiran miji. Dariyar tsohuwar ta ɗauke, ta kama hannun Nsofwa.

"'Yata, kada dai har da tarin suke yi?"

"Har da shi, Mama."

"Ranar na fara jin sa a bakinsa. Damina ba ta zagayo ba muka binne shi. Ni ban taɓa iya jin kaset ɗin nan har ƙarshe ba."

Baiti na biyu ya ƙare, kiɗa ya ɗauke, Kapambwe ya ɗaga sanduna sama yana murmushi. Lombe ya yi tari, taro ya ɗauki tafi. Sai tarin ya ƙi tsayawa. Ya dafa lasifika, ya tanƙware, ya kai gwiwa ƙasa. Jama'a suka haukace, a zatonsu sabon salo ya ƙaro don girmama ranar. Mata na guɗa, maza na fito, wayoyi duk a sama, wasu har sun hau suna yi masa liƙi. Makaɗa na tsaye ƙiƙam suna jira, don doka ce, ba a shiga sai tari ya ƙare.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A duk filin nan mata biyu ne kaɗai ba su tafa ba. Mama Musonda ta miƙe tana ɗaga hannu tana ihu a sauko da shi, ba mai jin ta. Nsofwa ta kutsa cikin masu liƙi tana ture su, har ta kai bakin dandamali. Lombe ya ɗago, leɓensa jajir, ya gan ta. Ya jawo abin magana da ƙyar ya ce, "Ku yi haƙuri." Hannun Kapambwe ya yi abin da ya saba, ganga ta faɗo, fili ya kaure da rawa.

Lombe ya cika alkawarinsa, ya je asibiti, sai dai ba da ƙafarsa ba. Likita ya ce ƙurar rami ta daɗe da cin huhun, tarin fuka ya zo ya hau kai, da an zo da wuri da an yi wani abu. Nsofwa ba ta ce masa na faɗa maka ba. Ta zauna a gefen gadonsa tana ba shi kunu, shi kuma yana ba ta labarin tsohuwar Mansa kamar ba ta sani ba. Kafin ruwan farko ya sauka ya cika. A wajen jana'iza mutane sun taru ƙwarai, har fasto ya yi tuntuɓen harshe ya ce Allah ya ji ƙan ɗan'uwanmu Nkweto. Daga inda take zaune Nsofwa ta ce, "Lombe." Na kusa da ita kaɗai suka ji.

Da aka kwana biyu Kapambwe ya zo, ya rame, ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce sun sami wani direban tasi mai murya, ko za ta taimaka musu da kayan wasa. Ta ba shi hular gashin, kwat ɗin kuwa ta hana. Tsohon kaset ya riga ya tsinke, don haka sabon mawaƙin daga hoton bidiyon da mutane suka ɗauka a waya ranar taron ya koyi komai. Kuma 'Ya'yan Nkweto ba su sake hali ba, abin da aka nuna musu shi suke yi.

Wata Asabar da yamma Nsofwa tana dawowa daga kasuwa da kwanon kifi a ka, ta biyo ta bayan wani gidan shaƙatawa, sai ta ji waƙar mai jiran miji. Ta so ta wuce, ƙafa ta ƙi. Baiti na biyu ya ƙare, kiɗa ya ɗauke. Sai ga tarin, dogo, daga ƙasan ƙirji, har da 'yar shaƙuwar da ke tsakiyarsa, wanda ta yi watanni tana ji a bakin rariyarta. Ta leƙa ta ramin katanga, ta ga wani ƙato lafiyayye sanye da hular da ta sha wankewa, ya dafa lasifika, ya kai gwiwa ƙasa. Mutane na tafi suna kiran suna, kuma ba Nkweto suke kira ba.

"Lombe! Lombe! Lombe!"

Tunda take ba ta taɓa jin taro ya kira sunan mijinta ba sai ranar. Ta tsaya a bayan katangar da kwanonta a ka, hawaye na zuba, har mutumin ya ce, "Ku yi haƙuri," ganga ta faɗo. Sannan ta gyara gammo ta kama hanyar gida.