Ranar da Baba Ya Gyara Mini Birki da Kunne

Akwai wata ranar Asabar a gidanmu na Kazaure da har in bar duniya ba za ta fita daga raina ba, kuma wani keke ne sanadinta.

Mahaifina malamin gona ne. Ƙauyukan Roni da Gwiwa babu wanda bai taka da tsohon baƙin kekensa ba. Da ya yi ritaya sai ciwon ido ya kama shi, ganinsa ya yi ta raguwa har ya koma inuwa kawai yake gani. Daga nan Baba ya daina fita, ya daina hira. Yana zaune a zaure, in ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mu kuwa muka ɗauka gata shi ne kada a bar shi ya taɓa komai. Ko buta zai ɗauka sai wani ya riga shi.

A lokacin na sayo keken gwanjo a Kano, mai giya da manyan tayoyi, irin na hawan duwatsu. Birkinsa ba na roba ba ne mai kama ƙafar keke, wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya. Tun da na faɗi da shi a hanyar Roni yake wata ƙara, shii, shii, ga nauyin tuƙi. Ranar ina turo shi zaure, sai na ji Baba ya ce, "Kai, tsaya. Kekenka kuka yake."

"Birki ne, Baba. Irin na zamani ne, sai na kai shi Kano."

"Kifa shi in ji."

Na kifa keken, na juya tayar gaba. Ya miƙa hannu yana laluben faifan, yana ta mamaki. Ya ce a kawo man keke a ɗiga. Na ce, "Baba, wannan in mai ya taɓa shi, birki ya tashi aiki." Sai ya yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba, ya ce, "To, yau ɗa ne malami. Bayyana mini yadda yake."

Na gaya masa faifan yana wucewa ne tsakanin takalman birki biyu, kuma kusoshi biyu ne ke riƙe da gidansu. Ya ce in sassauta su, shi zai matse birkin ya riƙe, gidan ya zauna daidai da kansa, sannan in ɗaure. Haka muka yi. Ƙarar ta ragu, amma ba ta tafi ba. Ni har na ce ya isa.

"Bai isa ba. Sake juyawa, ka yi shiru." Ya karkata kai, ya rufe ido. "Ba kullum yake goga ba. Sau ɗaya yake yi duk zagaye. Faifan nan ya lanƙwashe."

Na leƙa ban ga komai ba, don tsakanin faifan da takalman siriri ne ƙwarai. Sai ya cire farar hularsa ya ce in sa ta a bayan birkin, don farinta ya haska mini tsakanin. Nan take na hango wurin da faifan ke karkata. Na sa sifana na kama gefen, yana ce mini, "A hankali, kada ka nuna masa ƙarfi." In tanƙwara kaɗan, in juya, ya saurara ya girgiza kai. Muna haka har aka kira la'asar. Da muka dawo daga salla na sake taɓa shi, na juya tayar, ta yi ta gudu babu ko ƙis.

Baba ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Fitar da shi. Hawa zan yi."

Inna ta leƙo tana cewa, "Malam, don Allah ka rufa mana asiri!" Bai ko juya ba. Ya tattare riga ya hau, na riƙe sirdin ta baya ina gudu, ina ce masa dama, hagu, ga rami. Maƙwabta suka fito suna tafi. A bakin masallaci ya taka birki, keken ya tsaya cak, ya ce, "Kai! Da ina da irin wannan a gangaren Roni, da ban taɓa shan ƙasa ba."

Tun daga ranar ya koma zama a ƙofar gida, masu kekuna na tsayawa ya saurara ya faɗa musu ciwon. Bai yi shekaru da yawa bayan haka ba, Allah Ya jiƙansa, amma ya yi su cikin mutane.

Abin da na koya shi ne, tsoho ba hutu kaɗai yake bukata ba. Mun yi ta ɗauke masa aiki muna ganin ƙauna ce, ashe shi jira yake wani ya zo ya ce, "Baba, taimaka mini."