Kawu Labbo a Kan Tukunyar Gas

Ku da kuka san Kawu Labbo kun san ba ya amsa sallama sai ya shinshina. Ka tsayar da mota a bakin garejinsa na Unguwar Rogo, ka yi sallama har da barka da aiki, shi kuwa ya wuce ka kamar bai ga mutum ba. Ya zagaya motar hanci a buɗe, ya duƙa, ya ja iska, ya ɗaga kai sama. Sai ya gama sannan ya waiwayo: "Wa alaikumus salamu. Motakka lahiya lau take. Amma kai ba ka yi wanka ba."

Ni Mani, ɗan ƙanwarsa, na fi kowa shan wannan. Kuma ba zan yi muku ƙarya don ya mutu ba, tsohon nan ya gallabe ni. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injin fetur, gemu ya yi fari fat, lokacin da ya kamata ya zauna gindin darbejiya yana jan carbi, sai fetur ya yi tashin da ya yi. Kawu ya ɗauki jakarsa ya tafi Kaduna, ya zauna cikin yara sa'o'in jikokinsa yana koyon yadda ake juya mota ta koma shan iskar gas. Ya dawo da hancin nan mai farautar yoyon gas, da kuma buta.

Kai, butar nan! Idan ya ɗaura tukunyar gas a mota ya ja bututu har inji, sai ya zuba ruwan sabulu a kowace mahaɗa. In kumfa ta taso, iska na yoyo ke nan. To rowar Kawu ba ta bar shi ya sayi abin fesa ruwa ba. Guntayen sabulun wanka yake tsincewa a gida ya jiƙa a tsohuwar buta, kuma ya ajiye ta jere da butocin alwala. Rannan Alhaji Garba mai hatsi na Ƙofar Marke ya biyo da azahar, ya tsuguna da babbar rigarsa, ya ɗauki buta, ya cika baki. Jama'a, sai ga kumfa har gemu! Alhaji na kakari yana tofarwa, Kawu ya matso ya leƙa fuskarsa da kyau, ya girgiza kai.

"Alhaji, kana yoyo. Tsaya in ɗauko sifana."

Alhaji ya rantse a wurin cewa ko ƙwayar geronsa ba za ta hau motar da Labbo ya taɓa ba. Kawu ya ce shi ba wannan ya dame shi ba, wa zai mayar masa da sabulunsa?

Wuta kuwa, ko sunanta ba ya so a garejin. Akwai kwano a bakin ƙofa, kowa sai ya zuba ashanarsa kafin ya shiga. Wani direba ya shigo da karan taba saƙale a hula, Kawu ya sheƙa masa ruwa tun daga ka.

"Haba Baba, ai ban kunna ba!"

"Ka yi niyya. Ga ta can bisa hula tana jiran ka."

To ni abin da ya haɗa mu a-kori-kurata ce. Da ita nake ɗaukar hatsi da albasa daga kasuwa zuwa ƙauyuka, da ita nake ci da iyalina, ba ni da gona, ba ni da kanti, makarantar ma ban kai ko'ina ba. Fetur ya kai inda in na yi lodi na dawo, gidan mai na yi wa aiki. Na jingine ta ƙofar gida har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Da abin ya ishe ni na kira masu yanka mota su auna ƙarfe su ba ni abin da ya samu. Ban san wa ya kai wa Kawu labari ba. Suna cikin zagaya ta sai ga shi da tabarma a hammata, ya hau bayan motar, ya shimfiɗa, ya miƙe ƙafa.

"Ku aza mu bisa sikeli tare."

Babbansu ya ce, "Baba, mu ƙarhe muka saye."

"To ku tahi. Nan babu ƙarhe, tuwon jikokina ad da akwai."

Suka tafi suna dariya, ni kuwa kamar in fashe. Na ce to tun da ka kore su, a juya ta, amma ga tukunyar girkin matata nan a ɗaura, ko kuma wani mai walda ya ce zai haɗa min wata da araha. Kawu ya dube ni kamar na zagi mahaifiyata.

"Mani, in mutuwa kaka so, ka bari ta ishe ka bisa gado. Tukunyar mota daban take. Wadda anka yi don aikin ga, ita za ni ɗaurawa, ko kuwa kaji su ci gaba da ƙwai."

Sai da na sayar da babur ɗina aka sayo ta. Ya ɗaura ta a bayan motar, jikin inda direba ke zama, ya ɗaure da ƙarafa, ya shafe ta da ruwan sabulu kamar mai wanke jariri. Ya yi ta nawa ina ta mita. Ranar da motar ta tashi, wallahi injin ya fi da laushin murya. Na ce shi ke nan, na warke.

Ina! Ina isa kasuwa aka watse min. Wai motar Mani bam ce, wai ranar Sakkwato in ta bugi tukunyar nan sai dai a tsinci mutane a Kalambaina. Wa ke yaɗa maganar? Alhaji Garba, wanda rabin lodin layin hatsi nasa ne, sauran kuma bakinsa suke kallo. Masu dako ma ba sa bi ta gefena. Kullum in zo in tsaya, kullum in koma wayam. Ga babur babu, ga lodi babu, ga yara sun zuba min ido. Na je gareji na faɗa wa Kawu ba ɓoye-ɓoye, na ce ka kore min masu saye, ka raba ni da babur, yanzu ka zo ka ci da gidan. Ya dai ci gaba da aikinsa.

Washegari, tsakiyar bazara, rana na tsaga ƙasa, sai ga shi a kasuwa da ƙwaryar fura. Ya sa na tsayar da motar a fili, daidai gaban rumfar Alhaji, inda ko inuwar tsuntsu babu. Ya hau, ya haye kan tukunyar, ya zauna daram, ya fara dama furarsa. Layin hatsi kaf ya ja baya.

Alhaji ya leƙo daga bayan buhuna. "Labbo, sauko! Kak ka kashe kanka a banza ka haɗa da mu!"

"In ta tashi, ta tashi da ni, ka huta da mai sabulu. In ba ta tashi ba har la'asar, ka aza gero."

"Ni ban yi wannan alkawali ba!"

"Ni na yi maka shi."

Azahar ma a bayan motar ya yi ta, ya sallame ya koma mazauninsa. Gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Na roƙe shi ya sauko, ya ce in rufa masa baki, ni ne na ce ya ci da gidana, to ga shi yana yi. Mutane suka fara matsowa kaɗan-kaɗan. Wata mai kunun zaƙi ta miƙa masa ɗauri ɗaya kyauta, ya karɓa ya ce ta ƙara. Wani ɗan dako ya sa yatsa ya taɓa tukunyar ya ruga, da ya ga bai mutu ba ya dawo ya sake taɓawa.

Ana kiran la'asar Alhaji ya fito yana gyara hula, bai kalli kowa ba. "Ku aza ma Mani geron Wamakko. Ba don na yarda ba, don kar tsohon ga shi mace gaban rumfata a ce ni na." Ya nuna Kawu da baki. "Kuma da shi za a tahi."

Muka tafi, Kawu na bisa tukunya tsakanin buhuna yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Muka sauke, muka dawo lafiya. Sai da na kawo shi gida na ga yana saukowa a karkace, ƙafa a wawware.

"Kawu, lafiya?"

"Tukunya lahiya lau. Ni na dahu. Kak ka hwaɗa ma kowa."

Na faɗa wa kowa. Ya yi kwanaki yana cin tuwo a tsaye. Daga ranar ya mayar da abin al'ada, duk motar da ya juya shi ke hawa tukunyarta a tafiyar farko, sai dai ya koyi ninka buhu ya sa a ƙasa.

Yau motata na kan hanya. Layin shan gas ɗin akwai tsawo, wurin kuma da nisa, masu yi mana alkawarin ƙarin gidajen gas a rediyo har yanzu muna jiran su, amma ina komawa gida da cefane, yarana sun koma makaranta. Alhaji Garba da kansa ya aiko da motocinsa gareji daga baya, yana cewa dama shi tun farko ya san abin kirki ne. Mutane ke nan.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Kawu, bai tashi ba. Ranar zaman makoki a-kori-kura suka toshe layin gidan har masu babur na zagi, direbobi manya da gemu suna share ido da hannun riga. Ni na zauna kusa da ƙofa.

Ya Allah, bawan nan naKa ya zauna cikin rana don yaran wani su ci abinci. Ka sanya shi a inuwarKa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka yafe masa kurakuransa. Mu kuma Ka kai mu gida lafiya. Amin.