Rubutun da Na Ɓoye a Murfin Waya

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aikin nan, har Samaru ta yi tsit, a shekarar ce wayata ta zame daga aljihu ta faɗa randa ina ɗiban ruwan alwala. Ba wayar ce ta dame ni ba. Muryar matata, Allah ya jiƙanta, tana ciki: saƙonnin da ta riƙa aiko mini daga gadon asibiti.

Maƙwabciyata, wata malamar Turanci 'yar Kudancin Kaduna da ta yi ritaya, ita ta nuna mini wani mai gyara a Sabon Gari, mutumin kudu, cocinsu ɗaya. Na ce, "Malama, mutanen nan da Turanci suke cutar mutum. A faɗa maka kalma ka gyaɗa kai, ashe ka sallama kayanka."

Ta yi dariya, ta koya mini kalmomi uku. Rifiya, a gyara abu. Rifiles, a sauya shi da wani. Rikoba, a dawo da ainihin abin da ya ɓace. "Ta ukun kake nema, Malam." Na rubuta su da ajami, na cusa takardar a hula.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Sai na yi abin da muke yi wa littattafanmu kafin mu ba da aro: na ɓalle murfin wayar, na rubuta sunan marigayiya da ajami a ciki.

Mai gyaran ya ce kwana uku. Kwana uku suka zama mako. Kullum na je sai ya ce, "Baba, sannu sannu." Ni kuwa ina kallon tulin matattun wayoyin da ke teburinsa, ina tunanin masu su.

Ranar da ya miƙo mini wayar, na ji ta baƙuwa a hannuna. Na ɓalle murfi. Babu rubutu.

"Rifiles ka yi mini!" na ce, a gaban maƙwabtansa, mai takalma da mai sayar da caja. "Ina tawa?"

"Baba, kunna mana ka ji."

"Ba na kunna kayan wani."

Na sa wayar a aljihu don ta zama shaida, na hau mota.

Malama ce ta kunna ta a ƙofar gida, ta latsa wani wuri. Sai ga muryar marigayiya, da ɗan tarin nan nata: "Malam, ka ci abinci kuwa?"

Na zauna a dakali. Na daɗe ban tashi ba.

Washegari na koma. Ya yi mini bayani cewa gangar jikin ta lalace, sai ya ciro kayan cikinta ya dasa a wata. Ban bari ya ƙarasa ba, na kira mai takalma da mai caja. Na ce, "A gabanku na zarge shi, a gabanku nake neman gafararsa. Mutumin nan amintacce ne."

Ya ce, "Ya wuce, Baba." Ya jawo aljihun tebur, ya ciro tsohon murfin a naɗe cikin leda. "Amma wannan rubutu fa, laya ce? Tun da na gan shi na kasa jefarwa."

"Sunanta ne."

Ya miƙo mini da hannu biyu.