Ramboshin da Kawu Ya Saki

Lokacin da muke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni direba ne a wani kamfanin haƙa hanyoyin ruwa na masu noman shinkafa a Birnin Kebbi. Tuƙi aka ɗauke ni, amma da yake na ɗan taɓa boko, sai aikin tafinta ma ya hau kaina. Turawan kamfanin kan gayyato abokansu daga Legas su zo hutu. Hutun kuwa ba komai ba ne illa zama cikin kwalekwale, rana na gasa mutum, yana riƙe da sandar fatsa. Ranar da kowa ke miƙe ƙafa a gida, ni ina kan hanyar Argungu, in wuce Ambursa ido na yaji don barci. Har yau in na tuna, bayana ke fara amsawa.

Mai kai su ruwa kawuna ne, yayan mahaifiyata, masunci gaba da baya. Ni na haɗa shi da aikin, don kafaɗarsa ta dama ta riga ta gaji, ba ya iya jefa birgi, tarun nan na jifa, kamar da. Na ɗauka alheri na yi masa. Abokan sana'arsa kuwa suka sa shi gaba. Da sun hango mu a bakin gulbi sai ka ji, “Ga ɗan rakiya nan ya zaka. Mi anka samo yau?” Ya yi dariya tare da su, amma na san abin na cin sa.

Wata rana yana tuƙa mu ya ce mini, “Ni dai kahin in mutu, in sake sauka gaban mutanen ga da kihi ramboshi wanda sai an kama man ɗauka. Shi ke nan buƙatata.”

Baƙon da ya zo mana a wani rani dogo ne, mai jajayen gwiwoyi, ba shi da hayaniya. Kawu ya kai mu wani gurbi mai zurfi ƙarƙashin itatuwa, ya sa masa hanjin kaza a ƙugiya. Muka zauna. Ƙuda ya dame mu, ruwan shanmu ya yi zafi, na yi gyangyaɗi har wuyana ya ƙage. Sai bayan azahar sandar ta lanƙwashe, kwalekwale ya fara tafiya da kansa.

An sha fama. Bature na ja, kifi na ja, Kawu na juya kwalekwale da hannunsa mai lafiya yana ta ba da umarni da Hausa, ni ina juyawa da abin da ya sawwaƙa. Da kifin ya gaji muka jawo shi wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba. Kawu ya diro, ya cusa hannu cikin kumatunsa, ya rungume shi. Ramboshi ne, kansa ya kai gindin turmi. Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ta ranar ba. Tsohon nan har haƙoransa na ciki na gani.

Bature ya ɗauki hoto son ransa. Kawu ya ce in miƙo igiya a zura. Sai baƙon ya ɗaga hannu, ya sunkuya ya zare ƙugiyarsa a hankali, ya yi magana.

“Mi yac ce?” in ji Kawu.

“Ya ce a mai da shi ruwa, Kawu.”

“A mai da shi ina?”

Na sake faɗa. Kawu ya ce in tambaya ko kifin na da wani ciwo ne. Bature ya ce lafiyarsa lau, a ƙasarsu haka ake yi, babban kifi a kan sake shi don wani ma ya zo ya kama. Na roƙe shi ya bar wa tsoho. Ya yi murmushi, ya girgiza kai, ya taɓa aljihu alamar zai biya. Kawu ya kau da kai kamar bai gani ba.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na rage murya na ce, “Kawu, ka buge masa kai kawai. Me zai yi mana?”

“Ƙugiyatai ta,” in ji shi. “Mu ba mu cin kihin ƙugiyar wani. Ubana bai yi ba.”

Baƙon ya ce a riƙe shi cikin ruwa tukuna har ƙarfinsa ya dawo. Kawu ne ya riƙe. Yana tsaye, rigarsa duk yauƙi, kifin na numfashi a jikinsa. Can ya buɗe hannuwansa, ramboshi ya kaɗa wutsiya ya nutse.

A hanyar komawa Bature yana ta fito da baki. Da muka kusa gaɓa, Kawu ya ce, “Kak ka hwaɗa ma kowa.”

“Kawu, ai in masunta sun ji girmansa za su kama bakinsu.”

“In sunka ji Allah ya sa man abinci ga hannu, ni kuma na mai da mai, wa ka ƙara zama tabarma guda da ni? Gara a ce ban kama ba.”

Masunta na zaune suna gyaran taru muka sauka. “Ɗan rakiya, mi anka samo?”

“Ba komi,” in ji Kawu. “Ruwa ya hana.”

Suka yi dariyarsu da suka saba. Sai ga Bature ya tako gabansu cikin murna, ya ware hannuwansa iya warewa, yana ta zuba Turanci yana nuna Kawu. Dariya ta tsaya. Wani dattijo ya dube ni.

“Kai direba, mi shika cewa?”

Na dubi Kawu. Ya tsuguna a bakin ruwa, ya ba mu baya, yana wanke yatsunsa da kumatun kifin suka yayyanka. Tausayinsa ya kama ni.

Na ce, “Cewa yake gulbinku na da faɗi.”